Geron da ke Bisa Silin

Duk Sabon Birni an san ni da abu guda: ba na murɗe waya biyu in naɗe su da leda in tura bayan ƙwan fitila in ce aiki ya ƙare. Sunana Lawwali, wayarin nake yi, na gida da na sola. Duk inda na haɗa waya da waya sai na sa su cikin ɗan akwati mai murfi, na ɗaure kowace da noti, na rufe ruf. Wanda bai so haka ya nemi wani, ai ba ni kaɗai ke da filaya a garin ba. Ana cewa taurin kai gare ni. To akwai shi, kuma na san gidan da na ɗauko shi, don yayar babana, Gwaggo Kande, ta fi ni nesa ba kusa ba.

Gwaggo Kande mutuniyar wani ɗan ƙauye ce can bayan Gangara. Bayan kaka ɓarayin daji suka faɗa musu da rana tsaka, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Kowa ya gudu da abin da hannunsa ya kai, wani tabarma, wani akuya. Ita ko tukunya ba ta ɗauka ba. Ɗakin girki ta faɗa, ta tsinko zangarnun geron da ta rataye bisa murhu, ta ƙunshe a zani, ta biyo mutane a ƙasa har Sabon Birni, gidan ɗanta Kassimu.

Geron nan iri ne, ba na ci ba. A danginmu tun muna yara ake ba mu labarinsa har ya ishe mu. Wai lokacin da Alkalawa ta faɗi a yaƙin jihadi, Gobirawa suka watse, wata kakar kakanninmu ta fita da shi ƙulle a bakin zaninta. Ta shuka shi a gudun hijira can wajen Tsibiri, daga baya jikokinta suka dawo da shi nan lokacin da Gobirawa suka kafa Sabon Birni suka ce ba za su miƙa wuya ba. Ko gaskiya ne ko an yi ƙari, ni ban sani ba. Abin da na sani, gero ne gajere mai gashi a zangarniya, tsuntsu ba ya son shi, yana nuna da wuri, kuma a hannun Gwaggo kaɗai ya rage.

Shi kuwa Kassimu taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Yana da shago a jikin gidansa, yana cajin waya, yana sayar da ruwan sanyi. Da ya sayo sola da batir da firji, bai kira ni ba. Ya ce wai bakina ya yi yawa, shi da kansa ya ja wayoyinsa. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Sai da bazara ta kama gadan-gadan, wata safiya ya bugo mini.

"Taubashi, zo ka duba muna ƙwan ɗakin Inna. Shina ta ƙifce-ƙifce awa mai ciwon ido."

"Wa ya yi wayarin gidan?"

"Ni na."

"To kira kanka mana."

"Don Allah bar shegantaka. Inna ta, ba ni ba."

Don Gwaggo na je. Ina sa ƙafa ɗakin na ji ƙauri, ɗan kaɗan, irin wanda hancin mai sana'ata ba ya kuskurewa. Gwaggo ta fita maƙwabta, sai Sa'adiyya matar Kassimu ce ta riƙe mini tsani. Na tambaye ta tun yaushe ɗakin ke wannan wari. Ta ce ya daɗe, ta yi magana, Inna ta ce a bar mata ɗakinta yadda yake.

Na hau, na cire ƙwan, na kwance abin da ke riƙe shi. Ina janyo shi sai ƙwayoyin gero suka zubo mini a fuska, har cikin riga. Gero kuma? Na ɗaga allon silin na kusa, na kwali ne, na cusa kaina na haska.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ashe babban layin da ke kai wuta shago ta nan ya bi. Kassimu ya fere wayoyin, ya murɗe su da na fitilar wuri guda, ya naɗe da ledar burodi. Ledar ta narke ta manne, jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Duk wutar da firji ke ja ta wannan murɗin take wucewa. A kansa kuma, a kansa sosai, an jera zangarnun gero tsaf, kai da kai, an kewaye wurin. Waɗanda ke kusa sun yi ja, gashinsu ya ƙone. Na kai yatsa na taɓa kwalin, sai da na janye.

"Sa'adiyya! Ruga ki ce ma mijinki shi kashe wutar ga duka! Yanzu!"

Ina bisa tsani na ji muryar Gwaggo a bayana.

"Kai, wa ya aike ka bisa can? Sauko."

Na sauko na durƙusa na gaishe ta. Tana tsaye bakin ƙofa, doguwa, busasshiya, tsagen Gobir ya cika mata kumatu, idonta na kan ramin da na buɗe.

"Gwaggo, ke kika sa gero can?"

"Ni na sa. Akwai magana?"

"Bisa waya, Gwaggo? Duk faɗin silin ga, sai bisa waya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ake jiƙa gari da ruwa. Ta ce a gida iri bisa murhu yake kwana. Ɗumi da hayaƙi su ke korar ƙwaro, su hana shi yin sanyi, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ta zo nan ta tarar da gidan kwano, girki a tsakar gida da gawayi, ko kunkunniya babu a rufi. Ta rasa inda za ta sa shi, har barci ya ƙaurace mata. Sai wata safiya lokacin sanyi ta hau gado tana share yanar gizo-gizo, hannunta ya taɓa silin kusa da ƙwan, ta ji ɗumi. Ta shinshina, ta ji har da ɗan ƙamshin hayaƙi.

"Na ce alhamdulillahi, Allah ya ba ni murhu bisa kaina. Tun ran nan ko ƙwaro guda bai kusance shi ba."

Wallahi na rasa dariya za ni yi ko kuka. Na ce, "Gwaggo, gobara ce wagga, ba ta gama shiri ba ne. Wayar ba ta kama da kyau ba, shi ya sa take zafi. Rana guda za ta yi tartsatsi, geron ga shi ne makamashinta na farko, sannan kwali, sannan ke."

"Wata nawa tana nan ba ta ci ni ba?"

"Da sanyi firji ba shi aiki awa yanzu. Bari in sauko da geron, in yanke wurin da ya ƙone, in sa haɗin cikin akwati in rufe."

"In ka sa akwatin, ɗumin na nan?"

Da na yi mata ƙarya da an wuce wurin. Ban iya ba. Na ce, "A'a. In na yi aikina daidai wurin zai yi sanyi ƙalau."

"To ba ka yin shi." Ta shigo ta zauna bakin gado, daidai ƙarƙashin ramin, ta miƙe ƙafa. "Na ɗauke geron ga sau guda don masu bindiga. Ba ni sake ɗauke shi don igiyar ƙarhe. Wanda zai taɓa shi, shi taka ni tukuna."

Sai ga Kassimu ya shigo yana gumi, mutane sun taru a shago suna jiran wayoyinsu. Ya leƙa ramin, ya sosa ƙeya, ya ja ni gefe.

"Taubashi, ka san Inna. Ka ƙara naɗe shi da salatif kawai, ka ɗan matsa geron gefe in ta hita. A maida wuta, ƙanƙarata na narkewa."

Nan raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Na ce, "Kai ka naɗe uwarka cikin ledar burodi, yanzu ni kake so in ƙara mata salatif? Ni? Ashe ba ka san ni ba!" Na wuce ɗakin batir, na kwance makunnin babban layin gaba ɗaya, na zura a aljihu. Na ce gidan nan ba ya sake ganin wuta sai haɗin nan ya shiga akwati, kuma akwati ba ya shiga sai geron ya tashi.

Kassimu ya yi tsalle ya dire. Ya ce gidansa ne, solarsa ce, zai kira wani mai wayarin kafin azahar. Sa'adiyya ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ɗiyana bango guda ya raba su da ɗakin ga. Duk wanda ka kira, ni za ni tare shi a zaure." Kassimu ya fita yana ƙunƙuni.

Haka aka shiga zaman doya da manja. Shago ya mutu, masu caji suka koma gaba. Kassimu ya daina amsa sallamata. Kullum da safe sai in zo da jakata in zauna ƙofar ɗakin Gwaggo, in fito da akwatin in ajiye inda za ta gan shi, in ce, "Gwaggo, ina kwana?" Ita kuma ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbi. Wata rana ta ce wa Sa'adiyya, da ƙarfi don in ji, "Ki ce ma ɗan ga ubanshi ma da na goya bai iya da ni ba." Na ce wa Sa'adiyya ta gaya mata ni ba goyonta ba ne. Sa'adiyya ta ce mu biyun mun ishe ta.

Ban ci Gwaggo da baki ba, kada wani ya ce na faɗi haka. Babu wanda ya taɓa cin ta da baki. Abin da ya faru, Sa'adiyya ce ta ba ni labari daga baya. Ƙwayoyin nan da suka zubo mini a fuska ranar farko, ashe da kowa ya fita Gwaggo ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, don ba ta barin iri a ƙasa. Ta jefa guda a baki ta tauna. Sai ta tsaya cak. Ɗanɗanon tumu ta ji, gasasshen gero. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta jiƙa tsumma, ta ƙunshe sauran, ta tura ƙarƙashin randa inda ke da laima, yadda mata ke gwada iri kafin shuka. Duk kwanakin da take juya mini baya, tsumman nan take jira.

Ranar da ta kwance shi ina zaune ƙofar ɗaki. Na ga ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ƙwayoyin sun kumbura, sun yi laushi, ko guda bai tsaga ba.

"Lawwali."

Rabon da ta kira sunana tun kafin rigimar. Na ce, "Na'am, Gwaggo."

"Hau ka sauko min da shi. Duka. A hankali."

Na miƙo mata zangarniya bayan zangarniya, tana karɓa da hannu biyu tana jerawa a tabarma. Ta ware su da kanta. Waɗanda suka kwana kan wayar ta murza, suka ruguje a yatsunta. Waɗanda ke biye da su sun yi ja, ta tauna, ta tofar. Tarin da ya mutu ya fi rabi. Na can gefe kaɗai, waɗanda ba su samu wuri kusa da ɗumin ba, su suka rage da launinsu.

Ta zauna ta dafa gwiwa. Ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba, ko ranar da ta iso da ƙafafu a fashe ba ta yi ba. Ran nan na gani.

"Masu bindiga ba su same shi ba," ta ce. "Ni da hannuna na gasa shi. Mafi kyawun su na sa a tsakiya, Lawwali. Mafi kyawun."

Duk fushin da na tara ya zube. Tausayinta ya kama ni har na kasa cewa ai na gaya miki, ga shi kuwa na yi kwanaki ina tanadin maganar a baki. Na ce, "Saura na nan, Gwaggo." Ta ɗebi kaɗan daga na gefen ta sake ƙunshewa a tsumma. Wannan karon da ta buɗe, fararen saiwoyi sun huda tsumman.

Sannan na yi aikina. Na yanke duk inda ya ƙone har na kai jan ƙarfe mai haske. Layin shago na raba shi da fitilar, na ba shi hanyarsa daban da waya mai kauri. Na fitilar na shigar da shi akwati da rigarsa, don kada a bar ko ɗan tsirara a waje, na ɗaure kowace waya da notinta, na ja na ji ba ta motsi, na kafe akwatin a katako daidai inda hannu zai kai in an cire ƙwan, na rufe murfi. Kassimu na tsaye yana riƙe mini tsani, har na maida makunnin, firji ya yi gurnani. Sannan ya ce, "Bakinka dai bai ragu ba." Na ce nasa wayarin ne ya ragu.

Gwaggo kuwa tana bakin gado tana bin hannuna da ido. Ta sa na miƙo mata wani akwatin daga jaka, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa.

"Ɓera na shiga abin ga?"

"Ba shi shiga."

"Ƙwaro fa?"

"In na toshe ƙofofin na ɗaure murfin, ko tururuwa sai ta haƙura."

Ta ce, "Uhm," ta ajiye shi kusa da ita. Da yamma ta hau gado ta shafa silin, ta ji sanyi, ta sauko.

Ni a zatona magana ta ƙare. Har na samo mata gwangwani da toka, na ce a zuba sauran a rufe, a ajiye sai ƙura ta lafa a daji. Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas, aka kwarara ruwan shuka. Washegari da safe Sa'adiyya ta bugo mini ta ce in zo maza. Na tarar da Gwaggo tsakar gida, ta sussuke geronta ta ƙulle a bakin zani, ga sungumin aro a jingine. Wasu mutanen ƙauyensu za su koma su yi shuka, ta ce da ita za a je.

Kassimu har da durƙusawa. "Inna, don girman Allah. Mutanen ga suna nan cikin dajin. Makon jiya sunka ɗauke mutum bisa gona."

"Na jiya."

"Ki bari sai baɗi."

"Baɗi ya mutu cikin gwangwani, gonar kuma sun ce tasu ta." Ta ƙara tsuke ƙullin. "Wadda ta hito da shi daga Alkalawa, da dawaki bayanta, silin ta sa shi? Ƙasa ta sa shi. Ni ce na ɓoye shi awa kayan sata, ga abin da ɓoyon ya yi min."

Na ce bari in gwada nawa. Na tsaya bakin zaure na ce ba ta fita. Ta tako har gabana, ta ɗaga kai ta dube ni.

"Kai da ka kashe ma gida guda wuta, kowa na zagin ka, wa ya iya tanƙwara ka? To matsa. In kana da amfani, tada babur ɗinka."

Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma na san ko na kwana a zauren ta katanga za ta bi. Na je na tado babur.

Kafin ta hau sai ta ce in dakata. Ta fito da akwatin nan da ta karɓa daga jakata, ashe tun ran nan yana wurinta, ta riga ta toshe ƙofofinsa da tsumma. Ta kwance bakin zani, ta ɗebi gero cikin tafi guda ta zuba a ciki, ta miƙo mini.

"Ɗaure shi yadda kake ɗaure na mutane."

Na fito da sukudireba. Ni da nake ɗaure noti ido rufe, sai da ya zame mini ya soki yatsana.

"In na dawo da kaka, ka ba ni abina," ta ce. "In ban dawo ba, kai za ka shuka shi. Na san ba ka iya ba. Ka koya."

Na kai ta har bakin gonar. Rumbunan ƙauyen na nan baƙi, ba rufi. Ta sauka, ta gyara ɗaurin zani, ta saɓa sungumi, ba ta waiwaye ni ba. Ina tsaye har ta sara rami na farko, ta jefa iri, ta take da diddige.

Masu zuwa daga can sun ce geron ya kai gwiwa, kuma tana nan tana faɗa da kowa. Akwatin yana kan kanta a shagona, na shafa masa jan fenti don kada wata rana in kafe shi a silin wani. Ban buɗe ba. Amma ranar kasuwa na sayi sungumi, na ɓoye shi bayan ƙofa inda ba mai gani ya kai mata labari, kuma duk sallar da na yi sai na roƙi Allah kada ya sa in taɓa shi.